Ranar da Assainar Ya Ce Babu Nauyi

In ka bi ta shagon shayin Moidu da hantsi, can ƙarshen layin da ke gangarawa kogin Caliyar, za ka ga wani dattijo a bakin benci ya ba mutane baya, yana riƙe da kofin baƙin shayi da yatsu uku, don ukun ne suka rage masa a hannun dama. Ka yi masa sallama zai amsa, daga nan kuma ba ka ƙara samun komai. Assainar Muppan ke nan. Wallahi da bara waccan ka zo, tun daga tashar bas za ka jiyo shi. Mutum ne da in ya buɗe baki a wannan gaɓa, masunta a waccan gaɓar sai sun ɗago kai.

Muppan ba sunan yanka ba ne, sarauta ce, shugabancin Kalasawa masu jan jirgi. Mu nan Beypur kafinta ke gina uru, wato babban jirgin ruwa na katako, amma ba shi ke kai shi ruwa ba. In an gama jirgin, ga shi nan zaune a kan tudu kamar gidan bene, taku ɗari biyu tsakaninsa da kogi, sai Kalasawa su zo da igiyoyinsu da gumagumai na kwakwa da suka sha mai, su kafa gungumen ja, su zura masa dogayen sanduna, su yi ta zagaye suna turawa igiya na naɗuwa, jirgi na matsawa taƙi-taƙi har ya sha ruwa. Assainar ya kama igiya yana ɗan shekara goma sha shida, ya gaji ubansa yana da arba'in. Uru hamsin da takwas ya kai ruwa, ko ɗaya bai taɓa ƙujewa a hannunsa ba. Ya aurar da 'ya'ya mata uku da wannan sana'a. Ɗansa namiji tilo, Jabir, ya taɓa igiya shekara guda ya ce shi bayansa ba na haya ba ne, ya tafi Sharja sayar da wayoyi. Assainar bai yafe masa wannan magana ba, ko da yake duk Juma'a sai ya zauna kusa da waya yana yi kamar ba jira yake ba.

Akwai wata al'ada da ya gada daga ubansa, uban ya gada daga nasa. Kafin a ɗaura igiya ko ɗaya, muppan zai zagaya jirgin sau uku, hannu a baya, yana kushe aikin da babbar murya. Ya ce ƙasa ta ruɓe, ya ce bai taɓa ganin jirgi mai wannan mugun nauyi ba, ya ce kogi ya ƙafe, mutanensa kuma duk tsofaffi ne masu ciwon gwiwa, wannan aiki ba ya yiwuwa. Kukan aiki ake ce masa. Mai jirgi na tsaye yana murmushi, don ya san yabo ne, gwargwadon kukan gwargwadon girman jirginsa. Su kuwa Kalasawa da kukan nan suke ɗaure ɗamara. A wurinsu, mutum ya dubi jirgi ya ce ba wuya, to ya zagi mai jirgi, ya zagi kafinta, ya kuma jawo wa igiya baki. Ranar da igiya ta cinye yatsun Assainar, wani baƙo ne ya wuce ya ce, "Ai wannan kafin azahar kun gama." Har yau haka ake faɗa.

Ba wanda ya kai Assainar iya kukan nan, ba kuma wanda ya kai Koya Haji son jinsa. Haji shi ne mai filin da ake ginin, shekara talatin suna tare. Ranar ja sai ya sa a fito masa da kujera, ya miƙe ƙafa, yana kaɗa kai yana cewa, "Ƙara, Muppan, ƙara, ban ji komai ba tukuna." A zamanin ne uru ya sauya. A da kaya yake ɗauka, katako da barkono zuwa can, dabino zuwa nan. Yanzu attajiran Larabawa ke saye don shan iska, da ɗakunan kwana masu sanyi da famfo mai ruwan zinariya a banɗaki. Assainar ba ruwansa da famfo. Shi dai ya san jirgin ya ƙara nauyi, kuma hakan ya yi masa daɗi.

Sai Haji ya faɗi a banɗaki wata safiya, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Ɗansa Niyas ya dawo daga karatu ya hau kujera. Yaro ne mai ladabi, kada a ce na zage shi, amma ya shigo da abokan ciniki daga gaɓar Larabawa, su kuma suka zo da tambayar da ba wanda ya taɓa yi a garin nan: a ina ya kamata a riƙa gina jiragen? Wai ko a nan, ko a wata sabuwar tashar ruwa can kudu, ko kuma can wurinsu kusa da masu saye. Ka ji fa! Kamar a tambayi mutum a wane gida ya kamata uwarsa ta zauna. Suka ce za su aiko da injiniya ta duba wuraren uku ta rubuta abin da ta gani, abin da ta rubuta shi za a bi. Kowa a filin ya san abin da ake shirin rasawa. Kafintoci suna iya bin katako duk inda ya tafi, amma Kalasawa talatin da shida ba su da ko'ina sai wannan gaɓa.

Damodaran, babban kafinta, ya sa aka share fili aka shafa wa rumfa farar ƙasa. Sannan ya ja Assainar gefe.

"Ikka, don Allah ka ji ni," ya ce, don Assainar ya girme shi. "Yarinyar nan da za ta zo ba Haji ba ce. Abin da kunnenta ya ji shi hannunta zai rubuta. Ka ɗinke bakin nan naka na mako biyu kacal."

"Ni za ka koya wa magana, mai shaƙar garin katako? Kai da in kana magana sai an miƙa kunne kamar ana sauraron sauro?"

"Ni dai na faɗa maka."

"Ka faɗa. Je ka ci gaba da shafe-shafenka, amarya."

Amma maganar ta shige shi. Aka yi dace, ko rashin dace, zuwan injiniyar ya faɗo daidai da jan wani uru, mafi girma da aka taɓa ginawa a filin. Sunanta Tresa Kuriyan, 'yar siririya daga Koci, da hular kwano mai ruwan ɗorawa da littafi a hannu. Ta gaishe da kowa, ta tsaya a inuwa. Assainar ya fito, ya sa hannu a baya, ya zagaya jirgin sau uku, bai ce uffan ba. Mutanensa suka dubi juna. Aka ɗaura igiya, ya ba da murya aka tura, aka tura har la'asar, jirgi ko gezau. Wajen ƙarfe biyar wani gungumen kwakwa ya tsage a ƙarƙashi da ƙara kamar bindiga, Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo.

Bicu, mataimakinsa kuma abokinsa tun suna yara, ya jefar da rawaninsa a ƙasa.

"Yau kuma wane salo ne wannan, Muppan? Ka zagaya jirgi shiru kamar mai neman akuyarsa da ta ɓace! Yaya igiya za ta ja? Ko so kake sai ta ci sauran ukun?"

"Baƙuwa ce a wurin."

"Baƙuwa ce za ta tura sanda ko mu? In gobe ba ka yi kuka ba, ni dai hannuna ba ya taɓa igiya, ka ji na rantse."

Washegari Assainar ya yi kuka. Kai, ya yi kuka! Abin da ya danne jiya da na yau suka haɗu suka fito tare. Ya zagi laka, ya zagi kogi, ya ce wanda ya gina wannan dutse ya kira shi jirgi ba ya tsoron Allah, ya nuna mutanensa ɗaya bayan ɗaya yana faɗin ciwon kowa, wannan ƙugu, wancan ido, wancan haƙori biyu suka rage masa. Kalasawa na dariya suna tofa yawu a tafin hannu. Ya ɗaga murya, "Wa ke da ƙarfi?" Suka amsa, "Allah!" Gungumen ja ya yi ƙara, igiya ta miƙe, jirgi ya motsa taƙi guda. Mata a bakin shinge suka ɗau shewa. Damodaran kaɗai ya dafe kai, don ya ga Tresa ta fito daga inuwa, alƙalaminta na gudu.

Da aka tashi cin abinci ta zo ta tsuguna kusa da Assainar.

"Muppan, abin da ka faɗa ɗazu a kan kogi, wasa ne ko gaskiya?"

"Wasa? 'Yata, gobe da safe ki zo in nuna miki da idonki."

Nan ne fa ya yi kuskuren da ba mai yinsa sai Bakalashe. Shi a ransa, baƙon da ka girmama shi kake nuna wa wuyar aikinka. Wanda ka raina kake ce wa komai lafiya. Ya kuma yi lissafinsa irin na muppan: in yarinyar nan ta ga irin bala'in da ke tsakanin tudu da teku, za ta koma ta gaya wa Larabawa cewa mutanen nan ba a rabuwa da su. Ya ɗauke ta a kwalekwale har bakin kogi, ya tsoma gora a ruwa ya ɗago ya nuna mata inda ta jiƙe.

"Kin gani? Iya ƙirjina. Lokacin ubana nan gora biyu ba ta taɓa ƙasa. Yashi ya cinye bakin kogin nan. Jirgi irin wancan ba ya tsallake tudun nan sai teku ta yi babbar cika, sau biyu a shekara, kuma sai da ni a gaba. In aka kuskure ranar, sai a jira wata shida."

"Ba a yashe shi?"

"An yi alkawari tun ina da yatsu goma."

Ta rubuta. Ya kai ta gida cin abincin rana, don a ganinsa abin kunya ne baƙuwa ta ci a shago. Matarsa Kunjibi ta kawo gurasar shinkafa da miyar kifi da kwakwa, ta tsaya a bakin ƙofar madafa. Tresa ta ci da hannu, ta yaba, ta nemi ƙari, abin da ya ƙara sa Assainar ya sake. Ta tambayi ko injin ɗaga kaya zai iya aikin. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce a kawo injin da ya fi kowane, lakar filin nan za ta haɗiye shi har wuya. Ta tambayi katako. Ya ce a da daga dajin sama ake sako shi a kogi ya zo da kansa har ƙofar fili, yanzu an hana sara, sai an ɗauko daga wata ƙasa a jirgi, a sauke can, a loda a mota, a kwana uku ana fama da lunguna. Ta tambayi wane ne ƙarami a cikin mutanensa.

"Hamsa. Shekararsa hamsin da ɗaya."

"Matasa fa?"

"Suna Sharja suna sayar da waya."

Kunjibi ta yi tari. Ta sake yin tari. Ta shigo da ruwa ta taka masa ƙafa da gangan.

"Baban Suhara, abincinka na hucewa."

"Bar shi ya huce, magana muke."

Tresa ta ajiye alƙalami. A nan kam ba zan ci haƙƙinta ba, ta yi gaskiya. Ta dube shi ta ce, "Muppan, ka san duk abin da ka faɗa rubutawa nake, kuma waɗanda za su karanta ba su san ka ba?"

"Rubuta, 'yata! Ki sa sunana a ƙasa, Assainar ɗan Kunjalan. Ki ƙara da cewa ranar da na mutu, ba wanda zai ƙara fitar da uru daga kogin nan."

Ta sake ɗaukar alƙalamin. Bayan ta tafi Kunjibi ta ce, "Yau ka sayar da mu a kan farantin kifi." Ya ce mata me mace ta sani a kan igiya.

Kwana goma sha ɗaya aka yi ana jan jirgin. Ranar babbar cika ya sha ruwa, Assainar na tsaye a kwalekwale a gaba yana ba da hannu, uru ya tsallake tudun yashi da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba. Garin duk ya fito. Tresa ta cire hular kwanonta tana share ido, kowa ya gani. Da za ta tafi ta kama hannunsa mai yatsu uku da hannayenta biyu, ta ce ba ta taɓa ganin aiki irin wannan ba, ba kuma ta jin za ta sake gani. Assainar ya shiga shagon Moidu ya ce a ba kowa shayi. Ya ce da Damodaran, "To, amarya, wa ya iya baƙi, ni ko kai?"

Bayan wata biyu Niyas ya tara mutane a rumfa. A lokacin an riga an kafa ƙashin bayan wani sabon uru, haƙarƙarinsa sun tashi, ba a fara rufe shi ba. Niyas ya tsaya a gabansa da takardu, bai iya haɗa ido da kowa ba. Ya ce an yanke shawara, ginin zai koma gaɓar Larabawa. Can akwai dakalin siminti da ruwa mai zurfi duk shekara, akwai injin da ke ɗaukar jirgi ɗungurungum ya ajiye a teku kafin shayi ya huce. Damodaran da kafintoci takwas za a tafi da su in sun yarda. Sauran kuwa, ya ce, kamfani na godiya.

Bicu ya miƙe. "Godiya? Uban wa ya ce gaɓar nan ba ta yi ba? Jiya-jiya muka fitar da jirgin da ba a taɓa yin irinsa ba!"

"Ba ni na faɗa ba, Bicu-ikka."

"To wa ya faɗa? Yarinyar da ta yi kuka a gabanmu?"

Da Niyas ya yi shiru da ya fi. Amma yaro ne, an matsa shi, sai ya buɗe takarda ya fara karantawa yana juyawa da harshenmu. Ruwa iya ƙirji. Sau biyu a shekara. Laka za ta haɗiye inji. Katako kwana uku a lunguna. Ƙarami shekara hamsin da ɗaya. Ranar da na mutu ba mai ƙara fitar da uru. A ƙarƙashin kowace magana ga suna, Assainar ɗan Kunjalan, shugaban masu ja, shekara hamsin da ɗaya a sana'a.

Ba wanda ya juya ya dube shi, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ya buɗe baki ya ce, "Ai kuka ne. Kukan aiki ne, kowa ya sani." Muryar ta fito 'yar ƙarama. Niyas ya ce, "Na sani, Muppan. Su ba su sani ba. Kuma sun aiko an sake auna ruwan."

Mutane suka watse. A bakin ƙofa Bicu ya tsaya, bai ɗaga murya ba. "Shekara sittin ina jin bakin nan naka ina dariya," ya ce. "Ni na ce ka yi wa jirgi kuka. Ban ce ka ɗauke ta a kwalekwale ba."

Assainar ya tafi gidan Haji. Aka shigar da shi, ya tarar da tsohon a kwance an jingina shi da matasai, baki a karkace. Ya zauna a ƙasa ya faɗa masa komai, tun daga gora har farantin kifi, kamar yaro mai kai ƙarar kansa. Ya ce, "Haji, kai ka san abin da nake nufi. Kai kaɗai ka rage da ka sani. Ka ce wani abu." Haji ya motsa leɓe, ya motsa, abin da ya fito yawu ne. Hawaye ya gangaro ta idon da ke aiki. Assainar ya goge masa baki da gefen mayafinsa ya tashi.

Ya sa 'yarsa Suhara ta nemo masa lambar Tresa. Ya yi niyyar zagi, ya ma tsara shi a hanya. Da ta ɗauka ta gane muryarsa, ita ta fara magana. Ta ce ta rubuta shafi huɗu a kan gwanintarsu, ta ce a ciki asara ce babba a bar irin wannan ilimi ya mutu, ta roƙi a yashe kogi a ɗauki matasa a koya musu. Ta ce da alama ba wanda ya kai shafin.

"To me ya sa kika sa sauran?"

"Muppan, a cikin abin da ka gaya mini, akwai ƙarya ko ɗaya? In akwai ka faɗa, yau zan rubuta musu in janye."

 Ya bi maganganun ɗaya bayan ɗaya yana neman wadda zai ce ƙari ce, irin ƙarin da ake yi a kuka. Ya rasa. Shekara da shekaru yana tsaye a gaban jirage yana faɗin waɗannan abubuwa a matsayin wasa, bai lura ba ashe sun daɗe da zama gaskiya. Ya miƙa wa Suhara wayar ya ce ta kashe.

Saura abu guda, jirgin da aka fara. Katakonsa ya yi tsadar da ba za a bar shi ba, Larabawa suka ce a ɗora shi yadda yake a kan babban kwalekwalen ƙarfe a ja shi zuwa can. Niyas bai da fuskar da zai nemi Kalasawa, sai ya ɗauko hayar injin ɗaga kaya daga birni. Injin ya shigo fili yana huci, ya kafa ƙafafu, ya ɗaga hannu, ƙafarsa ta hagu ta nutse a laka har gindi. Kwana biyu ana neman yadda za a fitar da shi kansa. Garin ya sha dariya, dariya mai ɗaci, ita ce ta farko tun ranar rumfa.

Rana ta uku Niyas ya zo shagon Moidu da ƙafarsa. Kalasawa na zaune, don yanzu ba su da wurin zuwa. Ya tsaya a gaban Assainar ya ce, "Muppan, na zo roƙo."

Bicu ya riga shi. "Kada ka tashi, Assainar. Ka ce ba mai iyawa sai mu, to ga shi sun gani. A bar shi nan ya ruɓe, damina ta ci rabonta, gara ta ci nata. In mun rasa, su ma su rasa."

"Haka ne!" in ji Hamsa. "Su kira injinsu mai shayi ya zo ya ɗauka."

Assainar ya ajiye kofinsa. Abin da Bicu ya faɗa ya yi masa daɗi, ba zai ɓoye ba. Amma daga inda yake zaune yana hango haƙarƙarin jirgin sun tashi sama, tsirara, rana na dukansu. Katako ne da Damodaran ya zaɓa ɗaya-ɗaya ya lanƙwasa da hannunsa. Ko an ja shi ko ba a ja ba, filin ya riga ya tafi, wannan ya sani. Kuma tun kakansa ba a taɓa cewa ga jirgin da Bakalashe ya bari ya mutu a tudu ba.

"Jirgin bai yi mana laifi ba," ya ce. "Ni na yi. Wanda zai zo ya zo."

Ya tashi ya tafi shi kaɗai. Ya buɗe ɗakin igiya ya fara fito da su yana shimfiɗawa a rana. Can sai ga Hamsa. Sai ga wasu biyu. Kafin azahar talatin da biyar sun hallara, na ƙarshensu Bicu, yana tafe yana zage-zage. Suka fara fitar da injin birni daga laka, ba wanda ya ko yi wa direban ba'a. Sannan suka kafa gungumen ja, suka jera gumagumai har bakin ruwa inda kwalekwalen ƙarfe ke jira, suka tsaya kowa a kan sandarsa.

Assainar ya sa hannu a baya. Ya zagaya sau ɗaya. Ya zagaya sau biyu. Mutane suka yi tsit, har da matan bakin shinge, kowa na jira ya ji kukan ƙarshe, wasu ma sun ce zai zama wanda ba a taɓa jin irinsa ba. Ya gama na uku ya tsaya a gaban ƙashin bayan jirgin, ya dafa shi da yatsunsa uku.

"Babu nauyi," ya ce. "Ba wuya. Kowa ma zai iya. Ku ja."

Wani ya ce innalillahi. Bicu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ba a yi kiran wa ke da ƙarfi ba, ba a yi amshi ba. Suka sa ƙirji a sanduna suka tura, kana jin ƙarar gungume da numfashin tsofaffi kawai. Igiya ba ta tsinke ba, gungume bai tsage ba, ba abin da ya faru. Jirgin da ba a rufe ba ai ba shi da nauyi, gaskiya ya faɗa. Kafin la'asar ta washegari yana kan ƙarfe an ɗaure shi, wani ƙaramin jirgi mai hayaƙi ya ja shi ya tsallake tudun yashi ba tare da ya nemi kowa a gaba ba.

Mutane suka tafi gida ɗaya-ɗaya. Assainar ya zauna ya wanke igiyoyin da ruwan daɗi kamar yadda ake yi bayan kowane ja, ya shanya, ya naɗe su kyakkyawan naɗi, ya shafa wa gungumen ja mai don kada ya tsage kafin aiki na gaba. Kunjibi ta zo kiransa cin abinci ta tarar yana kulle ɗakin. Ya juya da makullin a hannu yana neman wanda zai ba, filin ba kowa. Ita ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafinta, suka kama hanya, tana gaba yana biye.